Lissafi da Ƙofar Makarantar Jinya: Shawara ga 'Yan Bauchi Masu Son Zama Nas

Duk shekara, da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, tambaya ɗaya ce take yawo a gidajen Bauchi, daga Jahun har Yalwa: "Yarinyar nan ta ci komai, lissafi ne kawai ta samu D7. Za su ɗauke ta a makarantar nas?" Amsar ita ce a'a. Ba za su ɗauke ta ba, ko da ta samu A1 a sauran darussa huɗun, ko da makinta na JAMB ya kai inda ya kai. Gara a faɗi wannan tun da wuri, domin akwai iyaye da yawa da suke kashe kuɗin fom da na mota da na hoto, su yi ta bin wani "mai hanya", alhali takardar da ke hannun 'yarsu ta riga ta yanke hukunci.

Zan yi magana da ke, ƙanwata, domin mata ne suka fi neman wannan karatu. Amma ƙanena mai son aikin jinya, kai ma duk abin da zan faɗa ya shafe ka.

Ƙa'idar ba makarantun Bauchi suka ƙirƙiro ta ba. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NMCN, ita ce take yi wa ɗalibi rajista, ta shirya masa jarrabawar ƙarshe, ta ba shi lasisin aiki. Abin da take nema kafin mutum ya fara karatu shi ne kiredit biyar a darussa biyar da aka ambata da suna: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, kuma a samu su a zama ɗaya ko biyu, kada a wuce haka. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 fas ne, F9 faɗuwa ce. Tsakanin C6 da D7 tazarar maki ba ta da yawa, amma a idon mai tantancewa ɗaya ta shiga, ɗaya ta koma gida. Haka abin yake a Kwalejin Kimiyyar Jinya ta Aliko Dangote, wadda take ta gwamnatin jiha, haka yake a kwalejin jinya ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka yake ga mai neman digiri a Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya. Kiredit a Aikin Gona ko Ilimin Addinin Musulunci ko Hausa abu ne mai kyau, amma ba ya toshe gurbin lissafi.

To me ya sa mutane da yawa suke faɗawa wannan rami? Dalili na farko JAMB ce. Mai neman karatun jinya tana rubuta Turanci, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji ne a jarrabawar UTME. Babu lissafi a ciki. Sai yarinya tun tana aji biyar na sakandare ta ji haka daga yayyenta, ta ce ai ni nas zan zama, me ya haɗa ni da lissafi, ta mayar da shi darasin hutu. Idan malamin lissafi ya shigo, lokacin ne za a je shan ruwa ko a kwafi rubutun Bayoloji. Ba ta san cewa ƙofa biyu ce ba: JAMB tana tsaron ɗaya, sakamakon sakandare yana tsaron ɗaya, kuma sai an wuce dukansu. Ga shi yanzu kwalejojin jinya da yawa sun koma tsarin ND da HND, shekara biyu-biyu, ana shiga ta hanyar JAMB kamar jami'a. Wannan ya ƙara wa mutane ganin cewa makin JAMB ne komai. Amma a na'urar JAMB ɗin kanta sai an ɗora sakamakon sakandare kafin a tabbatar wa mutum gurbi, kuma nan D7 take bayyana.

Dalili na biyu jita-jita ce. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ba zai ƙara zama dole ba ga masu neman wasu kwasa-kwasai. Labarin ya shiga WhatsApp da Facebook, aka yanke masa wutsiya, ya koma "an cire lissafi". Sassaucin na ɗaliban Arts ne. Karatun kimiyya yana nan da lissafinsa, jinya kuwa kimiyya ce. Duk wanda ya ce miki an cire, ki ce ya nuna miki a tallar ɗaukar ɗalibai ta makarantar da kike nema.

Wane lissafi ake nufi? Gama-garin nan da kowane ɗalibin sakandare yake yi, wanda ake rubuta General Mathematics a takardar sakamako. Ba a neman Further Mathematics. Idan kina yinsa kina jin daɗinsa, madalla. Idan kuwa yana cinye miki lokacin Fiziks da Kimistiri, babu laifi ki ajiye shi tun kafin rajista.

Yanzu ga batun zama biyu, inda na ga an fi yin asarar shekaru. Ma'anarsa ita ce takardun sakamako guda biyu kacal za ki iya haɗawa, kuma idan aka ɗora su a kan juna sai darussa biyar ɗin nan sun cika. A ce a jarrabawarki ta makaranta kin ci Turanci da Bayoloji da Kimistiri, kin rasa Lissafi da Fiziks. Kika sake zama, kika ci Lissafi kaɗai, Fiziks ta sake kubce miki. A karo na uku sai kika ce ai na riga na ci lissafi, kika tattara hankalinki a kan Fiziks kaɗai, ranar lissafi ma ba ki je ba. Kika ci Fiziks ɗin. Yanzu kiredit biyar suna hannunki, amma a warwatse cikin takardu uku, kuma babu biyun da za a haɗa su cika. Shekara uku ta tafi, kina inda kika fara. Saboda haka duk lokacin da za ki sake zama, ki ɗauki takardarki mafi kyau ki ajiye a gabanki, ki rubuta duk abin da babu a cikinta, ki shirya cin su gaba ɗaya a wannan zaman. Ni da za a bi tawa, darussa biyar ɗin duka za ki shirya musu da gaske, domin wasu jami'o'i sun fi son sakamakon zama ɗaya a kwas mai cunkoso irin jinya, kuma idan maki ya zo daidai mai zama ɗaya ta fi samun gaba.

Damar sake zama tana da yawa fiye da yadda ake zato. Banda WAEC ta makaranta a wajen Mayu da Yuni da NECO da ke biye da ita, akwai jarrabawar masu zaman kansu: WAEC tana yi sau biyu, a farkon shekara da kuma wajen ƙarshenta, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara. Wadda sakamakonta ya fito a Agusta ko Satumba da D7, idan ta tashi tsaye, za ta iya gyarawa kafin ɗaukar ɗalibai na gaba ba tare da ta koma aji ba. Abu biyu kawai za ki kiyaye. A jarrabawar masu zaman kansu ba a shiga ɗakin gwaji. Tambayoyin gwajin Fiziks da Kimistiri da Bayoloji a takarda ake amsa su, kuma suna da nasu salon da ya kamata a koya. Sannan kafin ki biya kuɗin rajista, ki karanta tallar makarantar da kike so ki ga ko tana karɓar haɗin WAEC da NECO, da kuma matsayinta a kan sakamakon NABTEB da NBAIS. Ki je ofishin ɗaukar ɗalibai da ƙafarki ki tambaya. Maganar mai kafen intanet da ke yin rajista ba hujja ba ce. Shi kuɗin rajistarsa yake nema.

Wadda ta yi ajin Arts ko na kasuwanci kuma daga baya ta ga jinya take so, hanyarta ita ce wannan jarrabawa ta masu zaman kansu. Sai dai kada ta ruɗi kanta cewa wata uku zai isa a koyi Fiziks da Kimistiri na shekara uku. Ta ba wa abin shekara guda cur.

Akwai masu cewa zalunci ne a hana yarinya mai tausayi da haƙuri aikin jinya saboda ba ta iya aljabra ba. Na fahimci zafin maganar, kuma gaskiya ne cewa nas ba za ta taɓa buƙatar lissafin kusurwar da'ira a gefen gadon marar lafiya ba. Amma ki shiga ɗakin yara a asibitin ƙwararru ko asibitin koyarwa ki ga abin da ake yi. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. A ce likita ya rubuta farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, yaron kuma kilo 12 ne. Miligiram 180 ke nan. Kwalbar da ke hannunki ta ce miligiram 120 a cikin kowane mililita 5. Nawa za ki zuƙo? Ki raba 180 da 120, ki ninka da 5, ki samu mililita 7.5. Ko a ce a ƙara wa mace ruwa mililita 500 cikin awa 4, robar kuma tana ba da ɗigo 20 a kowane mililita. Ki ninka 500 da 20, ki raba da minti 240, ya ba ki ɗigo 42 a minti, kusan. Sai ki tsaya da agogo kina ƙirgawa kina daidaita makullin robar. Ungozoma tana lissafa ranar haihuwa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, ta ƙara wata tara da kwana bakwai. Nas tana tara ruwan da ya shiga jikin marar lafiya, ta ɗebe wanda ya fita, ta rubuta a takarda don likita ya gani da safe. Duk wannan a tsakar dare ake yi, wani lokaci babu wuta, babu wanda za a tambaya. Wadda ba ta bambance 0.5 da 5 ba za ta ba jariri ninki goma na abin da aka rubuta. Na sa waɗannan misalai don lissafin da ke cikinsu ne. Auna wa yaro magani aikin asibiti ne, kada wani ya ɗauke su ya yi a gida.

Florence Nightingale ma, wadda za ki haddace sunanta a makon farko na karatu, mutane fitilarta suke tunawa. Abin da ya sa gwamnatin Ingila ta saurare ta bayan yaƙin Kirimiya kuwa alƙaluma ne: ta nuna da ƙididdiga cewa cututtuka sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. A 1858 ta zama mace ta farko da aka karɓa a ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar.

Wannan ya kawo mu ga hanyar da bai kamata ki bi ba. Kowa ya san akwai cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Ba zan tsaya wa'azi ba, kin san hukuncinsa. Zan dai gaya miki abin da ke biyo baya. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon cibiya sukutum idan suka yi zargin maguɗi, kuma lokacin ɗaukar ɗalibai ba ya jiran kowa. Idan ma sakamakon ya fito, makarantun jinya suna yin tasu jarrabawar ta tantancewa, sau da yawa a kwamfuta, kuma akan sa lissafi a ciki. Idan kin tsallake wannan, akwai watannin farko na share fage, abin da ake kira PTS, inda jarrabawa take tace ɗalibai kafin a tura sunayensu ga majalisa. Wadda ta shigo da B3 na saye a nan asirinta yake tonuwa, bayan iyaye sun sayi yunifom da katifa, an gaya wa dangi duka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. C6 da kika samu da kanki ta fi miki amfani.

Yaya za a samu C6 ɗin, ko abin da ya fi ta? Ki fara da sanin fasalin jarrabawar. A WAEC takarda biyu ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambayoyi 13 ne, za ki amsa 10 cikin awa biyu da rabi: biyar na farko dole ne, sai ki zaɓi biyar daga cikin takwas da suka rage. Takarda ta biyu ta fi nauyin maki, kuma a cikinta ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Ɗaliba da ta rubuta matakanta a fili, ko ta yi kuskure a layin ƙarshe, tana tsira da wani abu. Wadda ta bar shafi fari saboda tsoro ba ta da ko ɗaya. Kada ki taɓa barin tambaya ba ki taɓa ta ba.

Sannan ki koma tushe, ba tare da jin kunya ba. Yawancin masu cewa "kaina ba ya ɗaukar lissafi" matsalarsu ba a aji shida take ba, tana can a firamare da ƙaramar sakandare: jadawalin sau, firakshan, desimal, kashi cikin ɗari, rabo da daidaito, da yadda ake mu'amala da alamar ɗebewa. Ki ari littafin JSS na ƙaninki, New General Mathematics ko makamancinsa, ki yi wata guda a kansa. Dama wannan sashen ne zai bi ki har asibiti. Daga nan ki hau kan wuraren da suke dawowa kusan kowace shekara kuma ba sa buƙatar wata baiwa sai maimaici: saiti, ƙididdiga, yiwuwar aukuwa, ikweshan mai sauƙi da mai tagwaye da kwadiratik, riba da faɗuwa, faɗin fili da cikin mazubi, da zanen giraf. Wadda ta riƙe waɗannan da kyau ta kama hanyar kiredit. Masu wuyar, irin su hujjojin da'ira da layukan duniya, ki zo musu daga baya idan lokaci ya rage.

Akwai wani abu da malamai ba su cika faɗa ba. Yara da yawa a nan Turanci ne yake kayar da su a lissafi. Yarinyar da take taya mahaifiyarta ciniki a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, tana lissafa kuɗin mudu bakwai da rabi ta ba da canji kafin mai saye ya gama ciro kuɗi, ita ce za a ba wa tambayar riba da faɗuwa da Turanci ta daskare. Lissafin yana kanta, jimlar ce ta tare hanya. Maganinsa shi ne duk tambayar da kika karanta ki faɗa wa kanki ita da Hausa tukuna: me aka ba ni, me ake nema? Ki buɗe shafi a bayan littafinki ki tara kalmomin da suke maimaituwa a tambayoyi da ma'anarsu. Ba su da yawa, kuma su ne dai kullum.

Lissafi ba a karanta shi kamar Bayoloji. Da biro ake yinsa. Awa ɗaya kullum bayan sallar asuba ta fi awa bakwai ranar Asabar. Ki sami tambayoyin shekarun baya, na shekara goma idan zai yiwu, ki riƙa amsa su da agogo a gabanki, ki duba amsa bayan kin gama, ba kafin ba. Kalkuletar da za ki shiga jarrabawa da ita, ita za ki riƙa aiki da ita tun yanzu, kada ki ari ta wani a daren jarrabawa. Idan za a sa ki a lesin, a zaɓi inda malami yake duba aikin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Aji mai mutum ɗari da malami yana ta rubutu a allo shi ne abin da kika baro a makaranta. Ɗalibar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji wadda take unguwarku, ta zauna da ke da ƙawayenki biyu sau uku a mako, sau da yawa ta fi amfani kuma ta fi araha. Ribar ba ta tsaya a lissafi ba: rabin tambayoyin Fiziks da wani sashe na Kimistiri a JAMB lissafi ne da aka sa wa wata riga.

Ga iyaye kuma, Alhaji da Hajiya, yarinyar da za ta sake jarrabawa ba "zaman gida" take yi ba. Idan aka ɗora mata girki da wanki da raino saboda ta gama makaranta, aka bar mata ragowar dare, to an zaɓa mata sakamako. A ware mata lokaci kamar yadda ake ware wa ɗan'uwanta. Maƙwabtanmu sun gwada wannan a babban mataki: daga 2012 shirin Women for Health ya kafa karatun share fage na shekara a jihohi irin su Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, inda aka ɗauki 'yan matan karkara da ba su da cikakken kiredit, aka koyar da su, suka sake zama, da yawa suka shiga makarantun jinya da ungozoma. Ba ƙwaƙwalwa aka canza musu ba, lokaci da malami aka ba su.

Saura ƙananan abubuwa da suke hana mai cikakken kiredit shiga. Sunanki da ranar haihuwarki su zama iri ɗaya a katin NIN da JAMB da duk takardun sakamako. A'isha a nan, Aishatu a can, yana iya tsayar da ke a gaban tebur, kuma gyara yana cin watanni. Idan kin yi rajistar JAMB kina jiran sakamako, ki koma cibiyar da JAMB ta amince da ita ki ɗora shi da zarar ya fito. Ki adana katin duba sakamako, domin makaranta za ta bincika da kanta. Makin da ake yankewa yana canzawa shekara-shekara, saboda haka sanarwar bana za ki bi, ba labarin wadda ta shiga bara ba.

Idan kuma wata makaranta mai zaman kanta ta ce miki "ki shigo da D7 ɗin, daga baya kya gyara", ki riƙe kuɗinki. Ki duba jerin makarantun da NMCN ta amince da su a shafinta na intanet. Wadda babu sunanta a ciki, takardarta ba za ta ba ki lasisi ba ko shekara nawa kika yi. Wadda take ciki kuwa ba za ta iya yi miki rajista da majalisa ba sai kiredit biyar sun cika. Ki ɗauko takardar sakamakonki yau, ki duba layin lissafi. Idan bai kai C6 ba, ki je ki tambayi ranar rufe rajistar jarrabawa ta gaba.